Rasit a Gwangwani

Ni ne Sahabi, majemi ɗan majemi.
Shekara talatin hannuna na cikin ruwan bagaruwa,
ina mai da fatar jar akuya abin ɗinkawa,
wasu su taka, wasu su rataya,
ni in koma gida da warin da sabulu ya gaji da shi.

Luba ce ta uku a ɗiyana.
Ita ke karanta mini takardar magani,
ita ke kama dillali in ya yi mini cuwa-cuwa.
Ran da sunanta ya fito a jami'a
uwarta ta yi ta guɗa har masa ta ƙone a tanda.

Aka ce akwai tallafi ga ɗiyan marasa hali.
Na ce to, wannan kam muna da shi,
ba sai an kira shaidu ba.

Ta kawo fom, shafi huɗu.
Sunan uba, na faɗa. Sana'a, na faɗa.
Sai layi na sha ɗaya ya tsaya mana kamar ƙayar kifi:
shaidar biyan harajin uba, shekara uku a jere.

Haraji? Har na yi dariya.
Na jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.
Ga su nan ɗaure da zare:
na rumfa, na shara, na ƙofar kara,
na amalanke,
shuɗi, ja, wani ya koɗe ba ya karantuwa,
wani da busasshen jini a kunnensa.
Ban taɓa sulalewa ba in na hango mai jaka.

Litinin na sa rigar Juma'a, na hau kabu-kabu.
Malam Lawali mai tabarau bai wulaƙanta ni ba,
gaskiya ɗaya ce.
Ya juya su ɗaya ɗaya, ya ce:
"Baba, wanga duk kuɗin kasuwa na. Ina lambarka?"
Na ce wace lamba? Kowa a majema ya san ni.
Ya ce, "Kwamfuta ba ta san ka ba."

Aka kai ni gaban wani ɗan gilashi mai jan haske.
Na aza babban yatsa. Ya ƙi.
Na goge a riga, na hura, na sake. Ya ƙi.
Bagaruwa ta cinye zanen da Allah ya yi mini.
Aikin da nake biya wa kuɗin
shi ya share shaidar cewa ni ne.

A bakin ƙofa, inuwar dogon yaro,
wani mai jakar leda ya raɗa mini: dubu ashirin,
gobe da hantsi takarda ta fito, har da hatimi.
Dubu ashirin fata nawa ce?
Na ƙidaya.
Na kuma ƙidaya abin da zan ce wa Luba
in ta tambaye ni inda na samo.
Na wuce.

Alhajin da ke kwasar fatuna zuwa Kano
yana da akawu, yana da lamba.
Fayil ɗin ɗansa ya cika tun makon jiya.
Ban yi hassada ba. Na dai tsaya na dubi hannuna.

Alhamis za a rufe.
Daren Laraba na tashi shan ruwa,
na iske fitila a kunne.
Luba na zaune, gwangwani a kife,
tana jera rasit bisa kwanan wata,
tana manna su da ƙullu a tsohon littafin lissafi.
Ɗari tara da sha huɗu, in ji ta, ban da koɗaɗɗu.
A bangon ta rubuta: Babana ya biya.

Da safe ta tafi da shi a ƙirji.
Sun karɓa, sun ce a saurare su.

Yau kwana goma sha biyu.
Mai jaka ya zo ɗazu, ya yago mini wani shuɗi.
Na biya.
Na rasa inda zan sa shi, gwangwanin ta zuba gishiri.